Zanzibar: Unguja, Pemba ko Mafiya, ina ya kamata baƙo ya sauka?

Ga mutumin Nijar, wanda babban ruwan da ya sani shi ne kogin Kwara, sunan Zanzibar kaɗai ya isa ya sa shi mafarkin farin rairayi da itatuwan kwakwa. Sai dai kafin mutum ya zuba kuɗin da ya daɗe yana tarawa a tikitin jirgi, ya kamata ya san cewa Zanzibar tarin tsibirai ce a tekun Indiya, cikin ƙasar Tanzaniya, kuma kowane da halinsa.

Babban tsibirin shi ne Unguja. Daga Yamai ana bi ta Adis Ababa a sauka can kai tsaye, ko a sauka Darussalam a shiga jirgin ruwa, tafiyar kamar awa 2. Tsohon birnin, wanda ake kira Stone Town, hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a shekarar 2000. Lungunansa ƙanana ne, mota ba ta shiga mafi yawansu, ƙofofin gidajen kuma na katako ne masu sassaƙa. A nan Sarkin Oman, Sayyid Sa'id, ya maido fadarsa a ƙarni na 19, a nan kuma aka yi babbar kasuwar bayi har zuwa 1873 da aka rufe ta. Mafi yawan mutanen Musulmi ne, kiran salla bai yankewa, kuma Bahaushe zai yi mamakin jin kalmomin Suwahili irin su dunia, habari, sabuni da Alhamisi. Larabci ne ya shayar da mu baki ɗaya.

Amma maganar bakin teku ita ce wurin da baƙi ke yin kuskure. A gabashin tsibirin, wato Paje da Jambiani, ruwa na janyewa sau 2 a kowace rana, ya yi nisa ƙwarai, ya bar fili fetal. Wanda ya biya otel don ya yi wanka, sai ya zauna jiran ruwa ya komo. A lokacin ne matan ƙauyen ke shiga gonakinsu na ciyawar teku, wadda suke busarwa su sayar, kuma a ganina wannan ya fi wankan daɗin kallo. A arewa kuwa, Nungwi da Kendwa, ruwan bai gudu sosai, ana iyo duk yini. Farashin wannan daɗi shi ne cunkoso: otel jikin otel, kiɗa har tsakar dare, Turawa cikin shigar da mai iyali ba zai so ƴaƴansa su gani ba, ga ƴan talla da ba su barin mutum ya huta. Mai tafiya da iyali, Jambiani ta fi masa kwanciyar hankali.

Pemba na arewa da Unguja. Tsibiri ne mai tuddai, kore shar, kuma daga nan ne mafi yawan kanumfarin Zanzibar ke fitowa, irin wanda matanmu ke dakawa cikin kayan yaji. Lokacin girbi ana shanya shi kan tabarmi a bakin hanya, ƙamshi ya cika gari. Otel kaɗan ne, baƙi ma kaɗan, mutanen wurin kuma masu riƙo da addini. Rairayin bakin ruwa bai kai na Unguja yawa ba, domin itatuwan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri sun rufe gaɓar da yawa, sai an ɗauki kwalekwale zuwa ƙaramin tsibirin Misali. Tsakanin Unguja da Pemba ne jirgin Spice Islander ya nutse a watan Satumba na 2011 saboda lodi ya yi yawa, ɗaruruwan mutane suka rasu. Shi ya sa wanda ke da hali ya fi kyau ya hau ƙaramin jirgin sama.

Mafiya kuwa tana kudu, ba ta ƙarƙashin gwamnatin Zanzibar. Masu zuwa can don kifin da ya fi kowane kifi girma a duniya suke zuwa, wanda bai cutar mutum, ana ganinsa daga Oktoba zuwa Fabrairu. Wanda bai iya iyo ba, babu abin da zai kai shi.

Abu biyu kada a manta. Tun daga Oktoba 2024, gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa baƙi biyan inshora ta dalar Amurka 44, wato wajen jika 25 na sefa, kuma mai fitowa daga Nijar sai ya riƙe katin rigakafin shawara. A kuma guji Maris zuwa Mayu, lokacin babbar daminarsu, sa'ad da wasu otel-otel ma rufewa suke yi.