Gargaɗi: Ku Daina Yankan Dutse a Bushe

Jama'ar Jega, Aliero da Maiyama, musamman masu aikin tayil da masu yankan dutsen kantar kicin, ku saurara. Farar ƙurar nan da ke kwanta muku a gira da gemu in kun ɗora injin yanka a kan dutse, kisa take yi.

Mafi haɗari shi ne dutsen haɗi mai sheƙi da ake shigowa da shi daga waje, wanda ake yi da garin dutse da danƙo. Sinadarin silika da ke cikinsa kan kai kashi 90 cikin 100. Ƙurar da ido ke gani ma da sauƙi. Ƙananan ƙwayoyin da ba a gani su ke wucewa can cikin huhu, su zauna, huhu ya yi tabo ya sandare. Cutar ita ake kira silikosis. A Kalifoniya ta Amurka ta kashe ma'aikata masu jini a jika, wasu sai da aka yi musu dashen huhu. Ostireliya kuwa ta haramta dutsen ɗungurungum daga 1 ga Yuli, 2024.

Kowa ya san Aliero da ɗori. Ƙashi in ya karye ana ɗora shi, amma huhun da wannan ƙura ta cinye ba ya komawa daidai, ba a gida ba, ba a asibiti ba. Gwangwanin madarar da ake sha bayan tashi daga aiki ciki take tafiya, ba ta wanke huhu. Hankici ko rawani a hanci ma ba ya tare ƙurar.

A sa ruwa ya riƙa zuba a bakin injin muddin ana yanka ko goga, a kuma kiyaye wayar lantarki daga jiƙa. A sa takunkumi na ƙwarai, aƙalla N95, wanda ya kama fuska. Kada a share ƙura a bushe, kada a je gida a kakkaɓe kayan aiki kusa da yara. Samarinmu da ke tafiya niƙan dutsen zinariya a Yawuri ko Zamfara, ƙurar ɗaya ce.

Wanda tari ya ƙi sakinsa, ko yake haki daga gida zuwa masallaci, ko yake ramewa, ya je asibiti a ɗauki hoton ƙirjinsa. Ya gaya wa likita sana'arsa da bakinsa, domin cutar na kama da tarin fuka, kuma tana buɗe masa ƙofa.

Iyayen gida, yaran da ke muku aiki amana ce a hannunku. Don Allah, kada ku sake miƙa wa yaro inji babu ruwa babu takunkumi. Limamai da masu unguwanni, ku isar da wannan saƙo.