Sauya Ƙarfen Jikin Tsohuwar Mota da Gyaran Mahaɗi

Wannan maƙala za ta yi bayanin yadda masu gyaran jikin mota ke cire ruɓaɓɓen ƙarfe su sa sabo, da yadda suke ɓoye mahaɗin. Za mu ɗauki misali da Peugeot 504, wadda Hausawa ke kira Fijo. An fara ƙera ta a Faransa a 1968, aka ci gaba da harhaɗa ta a Kaduna har zuwa 2006. Yanzu ta shiga sahun tsofaffin motocin da ake adanawa.

Cire tsohon ƙarfe

Babbar abokiyar gabar tsohuwar mota ita ce tsatsa. Takan fara ne daga inda ruwa da laka ke kwanciya, kamar ƙasan ƙofa, da kewayen taya, da daɓen mota. A ƙaramar 504 jiki da ƙashin mota abu ɗaya ne, saboda haka ruɓewar daɓe na rage mata ƙarfi idan aka yi haɗari.

A masana'anta, da walda ɗigo-ɗigo aka haɗa fallayen ƙarfen. Mai gyara yakan huda kowane ɗigo har fallen ya saki. Idan kuwa wani yanki kaɗai ya ruɓe, sai ya yanka har ya kai ga lafiyayyen ƙarfe, domin tsatsar da aka rufe ba ta mutuwa.

Haɗa sabon falle

Hanyoyi biyu ne. Ko dai a ɗora bakin sabon falle a kan tsohon, ko kuma a haɗa su baki da baki. Ta farko ta fi sauƙi, amma danshi na maƙalewa tsakanin fallayen. Ta biyu ta fi wuya, ta kuma fi ƙarko.

Kaurin ƙarfen bai cika kai milimita 1 ba, don haka zafi kaɗan na murɗe shi. Shi ya sa gwani ba ya jan walda a layi ɗaya. Yakan ɗiga nan, ya tsallaka can, ya bari ya huce, har ɗigon ya haɗe. Daga nan ya tokara ƙarfe ta baya, ya bubbuga da guduma, sannan ya goge tudun waldar.

Rufe mahaɗi

Tsohuwar hanya ita ce ta dalma. Ana amfani da sanda mai kashi 70 cikin ɗari na dalma da kashi 30 na kuza. Sai a kankare wurin tas, a shafa masa kuza, a gasa sandar har ta yi laushi kamar man shanu, a baje ta da ɗan katako da aka shafa wa kitse. Idan ta huce a daidaita ta da magagari. Dalma ba ta shan ruwa, kuma ba ta saurin tsagewa.

Sai dai guba ce. Ƙurar dalma daga duwatsun zinariya ce ta kashe yara kusan 400 a Zamfara a 2010. Saboda haka ba a goge ta da inji, ba a kuma cin abinci a wurin aikin.

Tun shekarun 1950 aka samu fila, wani ƙulli da ke daskarewa cikin mintuna. Tana da araha, ba ta buƙatar wuta, amma tana tsotsar danshi, kuma in ta yi kauri sai ta tsage. An fi so kada ta wuce milimita 3. Bayan an goge da samfefa, sai a fesa fentin kariya ciki da waje.

Kammalawa

Ingancin aikin yana ƙarƙashin fenti, inda ido ba ya gani. Mai sayen tsohuwar mota zai iya gwadawa da maganaɗisu: inda ya kama, ƙarfe na kusa, inda ya ƙi kamawa, an cika wurin ne da fila ko dalma mai kauri.