Ta Ina Za Mu Fara Gyaran Ƙauyenmu? Darasi Daga Ƙasar Birnin Gwari

 

A tarurrukan ƙungiyoyinmu na gama kai, sau da yawa mukan ji wannan tambaya: "Mu talakawa ne, ba mu da kowa a gwamnati. Ta ina za mu fara?" Tambaya ce mai kyau. Domin mu amsa ta, bari mu dubi ƙasar Birnin Gwari, a yammacin Jihar Kaduna, inda manoma suka sha wuyar da ta fi ta yawancinmu.

ABIN DA YA FARU

Birnin Gwari ƙasa ce mai albarkar noma. Ana samun masara da dawa da waken suya da shinkafa. Tana kuma da babban daji, watau dajin Kamuku, wanda ya haɗe da dajin Kuyambana na Jihar Zamfara. Cikin waɗannan dazuzzuka ne ɓarayin shanu suka samu maɓoya, daga baya suka koma satar mutane.

Ran Asabar, 5 ga Mayu, 2018, 'yan bindiga suka faɗa wa ƙauyen Gwaska da rana tsaka. Suka kashe a ƙalla mutum 45, har da mata da yara, suka ƙone gidaje. Gwaska ƙaramin ƙauye ne. Da ba don wani abu ɗaya ba, da watakila labarin ya tsaya a bakin daji. Abin nan shi ne, 'yan ƙasar suna da ƙungiya mai fafutukar tsaro da shugabanci nagari. Suka tattara labarin, da ranar da lokacin da yawan gawawwakin, suka rubuta, suka miƙa wa 'yan jarida. Kafin kwana biyu duniya ta ji sunan Gwaska. Cikin watan nan ne aka ba da sanarwa cewa Gwamnatin Tarayya ta yarda a kafa bataliyar soja a Birnin Gwari.

Wahala ba ta ƙare daga nan ba. A 2021 gwamnatin jiha ta rufe kasuwannin mako-mako, ta kuma katse layin waya na kusan wata biyu. A 2022 ƙungiyar BEPU, watau ƙungiyar ci gaban masarautar Birnin Gwari, ta yi ta bayyana yadda ake tilasta wa manoma biyan kuɗi kafin su shiga gonakinsu. Ta riƙa ambaton garuruwan da sunansu, irin su Damari da Kakangi da Randagi. A watan Nuwamba na 2024, bayan wani sulhu, Gwamna Uba Sani ya buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari, wadda ta yi shekaru a rufe.

Ba mu ce takarda ce kaɗai ta kawo waɗannan abubuwa ba. Amma ku lura: cikin dukan shekarun nan, mutanen ba su bari maganarsu ta mutu ba. Ba su yi ta gunaguni a gindin bishiya kawai ba. Sun haɗa kai, sun rubuta gaskiya, sun kai ta inda za a ji. Wannan shi ne darasinmu, ko damuwarmu ta tsaro ce, ko ta rijiya, ko ta takin zamani.

MATAKI SHIDA NA FARAWA

1. Mu fara da mutane kaɗan. Kada mu jira sai dukan gari ya taru. Mutum goma masu riƙon amana sun isa. Dokar ƙungiyoyin gama kai ta Nijeriya ma mutum 10 ta nema kafin a yi wa ƙaramar ƙungiya rajista. A garin Rochdale na Ingila, mutum 28 ne suka buɗe ɗan kantinsu a 1844, daga nan tsarin gama kai ya bazu ko'ina. Mu ma ba baƙon abu ba ne a gare mu. Kakanninmu sun san aikin gayya, iyayenmu mata sun san adashi.

2. Mu zaɓi damuwa ɗaya. Idan muka zauna za mu lissafa damuwa ashirin: hanya, makaranta, magani, ruwa, taki. Wanda ya ɗauke su duka rana ɗaya, ba zai kai ko ɗaya gida ba. A zaɓi wadda ta shafi kowa, wadda kuma za a iya gamawa cikin wata uku, misali gyaran famfon tuƙa-tuƙa ko cike kwazazzabon da ya yanke hanyar kasuwa. Idan mutane suka ga an gama aiki ɗaya, za su fito na biyu ba tare da an roƙe su ba.

3. Mu sayi littafi. Wannan ne matakin da aka fi rainawa, shi ne kuwa ya fi amfani. A naɗa magatakarda. Ya rubuta ranar kowane taro, da waɗanda suka zo, da abin da aka yanke. Ya rubuta abin da ya sami gari: ran da famfo ya lalace, gida nawa ke sha a wurin, gona nawa aka kasa nomawa, buhu nawa aka yi alkawari, nawa suka iso. Mai cewa "muna shan wahala" akan ba shi haƙuri a sallame shi. Mai zuwa da rana da lissafi, dole a saurare shi. Amma kada a ƙara ko ɗaya a kan gaskiya. Ƙarya ɗaya takan ɓata littafi duka.

4. Mu fara sa namu hannu. Kafin mu roƙi kowa, mu tara abin da muke iyawa: mudun hatsi daga kowane gida bayan girbi, ko yini ɗaya na gayya. Kuɗi su zauna a hannun ma'aji, amma kada a fitar da ko kwabo sai mutum uku sun sa hannu. A karanta lissafi a gaban kowa a kowane taro. Ƙungiyoyi da yawa ba maƙiyi ne ya kashe su ba, zargin kuɗi ne.

5. Mu san ƙofar da za mu buga. A fara da mai unguwa, sai dagaci, sai hakimi. Da ɗan gari akan ci gari. Ta gefen gwamnati kuwa, akwai kansila. Ƙaramar Hukumar Birnin Gwari tana da mazaɓu 11, kowace da nata. Maganar iri da taki ta malamin gona ce. A rubuta takarda gajeriya, shafi ɗaya: ga damuwarmu, ga abin da muka yi da kanmu, ga abin da muke roƙo. A kai kofi biyu, a sa mai karɓa ya sa hannu da kwanan wata a kan ɗaya, a komo da shi gida. Bayan mako biyu a koma a tambaya. In an ce a dawo, a dawo. In magana ta ƙi motsi, a haɗa kai da ƙauyukan maƙwabta a tafi tare.

6. Mu jawo kowa. Ko da ƙungiya ta tashi daga ikilisiya, rijiya ta gari ce, hanya ma ta gari ce. A gayyaci liman da maƙwabtanmu Musulmi tun daga taron farko. A gayyaci Fulani makiyaya da ke zaune tare da mu, gama su ma an kwashe musu shanu, an kuma sace musu mutane. A ba mata wuri cikin shugabanni, ba a bakin murhu kaɗai ba, domin su ne suka fi sanin wahalar ruwa da ta magani. A sa samari riƙon littafi da waya.

A YI HATTARA

Akwai abubuwa uku da muke so mu ja kunne a kansu. Na fari, a wurin da babu tsaro, kada a bar mutum ɗaya ya zama bakin gari. Takarda ta fita da sunan ƙungiya. Littafin da ke ɗauke da sunayen mutane a adana shi da kyau, kada a yi ta yawo da shi kasuwa. Na biyu, aikinmu ba na makami ba ne, ba kuma na ramuwa ba. Wanda ake zargi a kai maganarsa ga hukuma. Na uku, idan zaɓe ya ƙarato 'yan siyasa za su zo da alkawari. A karɓe su da ladabi, a rubuta alkawarin a littafi, amma kada a sayar musu da ƙungiya. Kowa ya zaɓi wanda yake so, ƙungiya ta zauna ta kowa.

Ga manoman da ke komawa gonakin da suka bari shekara da shekaru, littafin nan yana da wani amfani. Gonar da ta daɗe ba a noma ba, iyakarta takan ɓace. Kafin ruwan fari ya sauka, a fita tare da dattawa da dagaci, a bi iyakoki, a dasa alama, a rubuta. Yini ɗaya na wannan aiki zai hana rigimar shekara goma.

AIKIN WANNAN WATA

A taronku mai zuwa, ku yi abu uku. Ku zaɓi damuwa ɗaya. Ku naɗa magatakarda, ku saya masa littafi. Ku tsai da ranar da za ku je wurin dagaci. Sa'an nan ku aiko mana da labarin abin da kuka zaɓa da yadda kuka ƙare, domin sauran ƙungiyoyi su ƙaru da ku. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah ya ba mu zaman lafiya da damina mai albarka. Amin.