Jakar Wucin-Gadi a Kwamfuta da Yadda Ake Gano Ta da Rubutaccen Umarni

Duk wanda ya taɓa ratsa Aliero a lokacin kakar albasa ya san bambancin rumbu da bakin hanya. Rumbu wurin ajiya ne na dogon lokaci, shi kuwa bakin hanya nan ake jibge buhuna su jira mota. Kwamfuta ma tana da irin waɗannan wurare biyu. Akwai inda mai aiki yake adana takardunsa, akwai kuma wata jaka ta wucin-gadi, wato folda, inda manhajoji suke zuba fayilolin da suke buƙata na ɗan lokaci kafin su kammala aiki. Wannan darasi ya shafi yadda rubutaccen umarni, wato jerin umarnin da mutum yake tsarawa kwamfuta ta bi ɗaya bayan ɗaya, zai gano inda wannan jaka take.

Mu ɗauka wani malami a Jega ya tsara umarnin da zai tattara makin ɗalibai daga fayiloli talatin, ya haɗa su, ya fitar da sakamako. Kafin a kai ga sakamakon, dole a sami inda za a zuba lissafin tsaka-tsaki. Sai malamin ya duba adireshin jakar wucin-gadi ta kwamfutarsa, ya kwafe shi cikin umarnin kamar yadda ya gan shi. Aiki ya yi kyau. Da ya tura wa abokin aikinsa a Maiyama, sai abin ya cije. Dalili shi ne adireshin yana ɗauke da sunan mai kwamfutar ta farko, sunan da ba shi a ta biyu.

Adireshin wannan jaka bai taɓa zama wuri guda ba. A Windows 95 da 98, an fi samun ta a C:\Windows\Temp. A Windows XP, wadda ta fito a 2001, kowane mai amfani ya sami tasa a ƙarƙashin Documents and Settings. Daga Windows Vista ta 2007 zuwa yau kuwa, tana cikin C:\Users, sai sunan mutum, sai AppData\Local\Temp. A Linux, galibi /tmp ce. A kwamfutocin Apple, kowane mutum yana da tasa a wani lungu cikin /var/folders. Har ila yau, mai kula da ɗakin kwamfuta yana iya mayar da ita wani wuri dabam. Saboda haka hanyar da ta dace ita ce umarnin ya tambayi babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, ba ya yi hasashe ba.

Babbar manhaja tana ajiye wannan adireshi a ƙarƙashin wasu laƙabobi da kowace manhaja za ta iya karantawa. A Windows laƙabobin su ne TMP da TEMP; a Linux da Apple kuwa TMPDIR. Wanda ya buɗe tagar umarni ta Windows ya rubuta echo %TEMP% zai ga cikakken adireshin nan take. Idan an nemi Windows kanta ta bayar da amsa ta hanyar aikin da ake kira GetTempPath, tana fara duba TMP, sannan TEMP, sannan jakar mai amfani, in duk babu sai ta koma jakar Windows. A Linux kuwa, sau da yawa ba a sanya komai a TMPDIR ba, don haka dole umarnin ya tanadi /tmp a matsayin madadi.

Harsunan tsara umarni sun ɗauke wa mutum wannan wahala. A Python, kalmomin tempfile.gettempdir() sun wadatar: suna duba TMPDIR da TEMP da TMP bi da bi, sannan sanannun wurare, su zaɓi na farkon da za a iya rubutu a cikinsa. Umarni ɗaya ke nan da zai yi aiki a Jega da Maiyama, da ma ɗakunan kwamfuta na jami'ar kimiyya da fasaha da ke Aliero, wadda aka kafa a 2006, ko da babbar manhajarsu ta bambanta.

Akwai wani batu da ya shafi ɗalibin Hausa kai tsaye. Tunda sunan mai amfani yana shiga cikin adireshi, idan sunan yana da tazara a tsakiya, dole a rufe adireshin da alamar zance, in ba haka ba kwamfuta ta ɗauke shi kalmomi biyu. Idan kuma yana da baƙaƙe masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ, tsofaffin manhajojin da ba su san tsarin Unicode ba suna iya gurɓata su. A ganinmu, maganin ba shi ne a daina rubuta Hausa daidai ba. A gwada umarnin ne da irin wannan suna kafin a raba shi.

Gano jakar rabin aiki ne. Kada a ba fayil tsayayyen suna kamar maki.txt, domin a Linux duk masu amfani da kwamfutar suna tarayya a /tmp, wani yana iya rigan mutum wannan suna. A bar manhaja ta ƙago sunan da kanta, kamar yadda umarnin mktemp yake yi. Bugu da ƙari, umarnin ya share abin da ya zuba da zarar ya gama, musamman a kwamfutar makaranta da hannaye da yawa suke taɓawa, domin makin ɗalibi amana ce. Shi kuwa sakamakon ƙarshe, a kai shi rumbu. Kayan sharar faifai na Windows suna kwashe abin da ke jakar wucin-gadi, kuma nau'o'in Linux da dama suna wofintar da /tmp a duk lokacin da aka sake kunna kwamfuta, abin da ɗaukewar wuta kaɗai ta isa ta jawo.