Dafaffiyar Shinkafa a Firiza: Inda Hatsarin Yake

A Jibiya shinkafa ta wuce zancen tukunya kawai. Tun da gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019 don hana fasa-ƙwaurin 'yar waje, buhu guda ya zama abin da ke haɗa mutum da kwastam a hanyar Magama. Sai a Afrilun 2022 aka buɗe iyakar Jibiya, aka sake garƙame ta bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, kafin Najeriya ta buɗe nata ɓangaren a Maris na 2024. Duk wannan rufe-buɗe a kan kuɗin kwano yake ƙarewa, shi ya sa babu uwargidan da za ta zubar da ragowar shinkafa tana ji tana gani.

Gidajen da ke da firiza sun samo mafita: a dafa da yawa lokaci guda, a rarraba, a daskarar, duk sa'ad da yara suka dawo makaranta a ɗumama. An huta da hura wuta sau uku a rana, an rage gawayi ko gas. Dabara ce mai kyau, kuma a Japan ta daɗe da zama ruwan dare. Sai dai lafiyar abin ta rataya ne a kan sa'o'in da shinkafa ke yi tsakanin sauke tukunya da shiga sanyi.

Akwai wata ƙwayar cuta mai suna Bacillus cereus da ke zaune a cikin ƙasa, tana kuma biyo ɗanyar shinkafa tun daga gona, 'yar gida ce ko 'yar waje. Idan ta ji wuya sai ta ƙudundune cikin wani ƙoƙo mai tauri wanda tafasa ba ta fasa shi. Tukunya na hucewa sai ta farfaɗo ta hau hayayyafa, musamman da zafin abincin ya sauko ƙasa da digiri 60. Tana cikin haka take zuba dafi, dafin kuwa ba ya jin wuta: an gwada shi a zafin digiri 121, ya fito garau. Wato ɗumame yana kashe ƙwayar, ya bar gubarta. Wanda ya ci yakan fara tashin zuciya da amai cikin sa'a ɗaya zuwa biyar. A Ingila aka fara gane wannan nau'in gubar abinci a 1971, daga soyayyiyar shinkafar gidajen abinci da ake dafawa a bar ta a waje ta kwana. Yawanci mutum kan warware cikin yini guda, amma ƙaramin yaro ko tsoho ba ya jure amai kamar majiyin ƙarfi. Abin haushin, shinkafar ba lallai ta yi tsami ko yauƙi ba, balle hanci ya yi gargaɗi.

To, a garin da zafin Afrilu kan haura digiri 40, tsakar gida ma ta ishi wannan ƙwaya. Kula kuwa, wadda muke yi wa kallon mai tsare abinci, da zarar zafin cikinta ya fara sauka sai ta riƙe shi a ɗumin da ƙwayar ta fi so. Dafa-dukan da aka zuba tun azahar, maigida bai waiwaye shi ba sai bayan isha'i, sannan a ce a kai sauran firiza, an makara. Sanyi ba ya kashe ƙwayar, ba ya kuma wanke dafin da aka riga aka zuba. Tsayar da aiki kawai yake yi.

Hukumar kula da ingancin abinci ta Birtaniya tana cewa a sanyaya shinkafa cikin sa'a guda da sauke ta. Hanyar ba wuya: a baza ta a babban tire, a bar fanka ta buga ta, tururi na lafawa a ɗiba daidai cin mutum ɗaya ko biyu a leda ko roba mai murfi. A danne ledar ta yi faɗi, domin dunƙule yakan daskare ta waje alhali cikinsa na nan da ɗumi. Miya a ware mata mazubinta.

Firiza ta fi firji a wannan aiki har ta wajen daɗin ci. A sanyin firji sitacin shinkafa yakan sake ɗaurewa ya tofar da ruwansa, shi ne take yin tauri da gari-gari, kuma hukumar nan ba ta so ta wuce kwana guda a can. Daskarewa da sauri a digiri 18 ƙasa da sifiri tana kama ruwan a inda yake. Wajen ɗumamawa a yayyafa ruwa kaɗan, a turara a madambaci ko tukunya mai murfi har tururi ya ratsa tsakiya. Sau ɗaya ake ɗumamawa. Abin da ya ragu ba ya komawa firiza.

Saura batun wuta, wanda a wajenmu shi ne alƙalin komai. Ma'aikatar gona ta Amurka ta ƙiyasta cewa firiza cike, in ba a buɗe ba, takan riƙe sanyi kusan sa'a 48 bayan an ɗauke wuta, mai rabi kuwa sa'a 24. A zafin Jibiya gara a rage lissafin. Cike gurbin da ya rage da ledojin ruwa su zama ƙanƙara yana ƙara wa'adin, haka ma hana yara buɗe-buɗe. Ledar da aka taɓa aka ji sauran ƙanƙara a jikinta, a ɗumama a ci a ranar. Wadda ta narke har ta bar sanyi, a haƙura da ita duk tsadar kwano. Gidan da wutarsa kan yi kwanaki ba ta leƙo ba, babu sola babu janareta, a ganina gara ya riƙa ɗora daidai cikinsa.