Wainar Yokshiya: Dabarar Sa Nama Kaɗan Ya Ishi Iyali

A ƙasar Ingila akwai al'adar cin gasasshen nama ranar Lahadi da rana, bayan an taso daga sujada. Akan gasa tsokar naman sa, a haɗa da dankalin turawa da ganyaye da romo mai kauri. Akan kuma haɗa da wata irin waina ta fulawa wadda ba sukari a cikinta. Sunanta ya fito daga Yokshiya, wani lardi a arewacin ƙasar. Mun ga ya kamata mu bayyana ta, gama dabarar masu tattali ce.

ASALINTA

A zamanin dā, akan tsire nama da ƙarfe ana juya shi a gaban wuta, kitse yana ta ɗiga. Don kada kitsen ya tafi a banza, sai masu girki suka riƙa ajiye faranti da ƙullun fulawa a ƙarƙashin naman, ƙullun yana gasuwa yana shan kitsen. An buga yadda ake yin ta a littafi tun 1737. A 1747 wata mace mai suna Hannah Glasse ta sa ta a littafinta na girki da sunan Yokshiya.

Nama kuwa yana da tsada. Saboda haka a gidajen talakawa akan fara ba kowa wainar da romo tukuna. Kafin a kawo nama ciki ya riga ya ɗauka, sai ɗan yanki ya ishi kowa, har a rage na gobe.

KAYAN HAƊI

Ba a bukatar sikeli. A fasa ƙwai 4 a kofi, a lura da inda suka kai. A auna fulawa daidai wannan, a auna madara ma daidai wannan. Sai gishiri kaɗan, da kitsen da ya narke daga naman, ko man gyaɗa. Wannan zai ba da ƙananan waina kamar 12.

YADDA AKE YI

1. A kaɗa ƙwai da fulawa da gishiri, a riƙa zuba madara kaɗan kaɗan har gudaji su mutu. Ƙullun ya fi na masa ruwa.
2. A rufe shi ya huta minti 30 ko fiye, fulawa ta sha ruwa sosai.
3. Idan nama ya gasu, a fitar da shi a rufe, a ƙara wa tanderu wuta. A tanderu mai ma'auni, zafin ya kai digiri 220.
4. A zuba ƙaramin cokali ɗaya na kitse a kowane gurbi na farantin gashi. Wankakken gwangwanin madara irin na alala ma zai yi. A sa a tanderu har kitsen ya fara hayaƙi.
5. A zuba ƙullu da sauri, rabin gurbi kawai. Lalle a ji ya yi ƙara da ya taɓa kitsen.
6. A rufe tanderu minti 20 zuwa 25, har wainar ta tashi ta yi ja.

ME KE SA TA TASHI?

Mun saba da ƙullun masa da ke kwana da yisti. Wannan kuwa ba yisti, ba hodar burodi. Tururi ne ke yin aikin. Da ƙullu ya faɗa cikin kitse mai zafi, ruwan madara da na ƙwai sai ya zama tururi, ya hura ƙullun kamar balan-balan. Fulawa tana miƙewa ta riƙe tururin, ƙwai kuma ya daskare ya tsai da bangon. Gefe ne ke fara gasuwa ya hau sama, tsakiya ta zama rami, inda ake zuba romo.

Wanda ya gane wannan ya gane dalilin da wainar kan ƙi tashi. In kitse bai yi zafi ba, ƙullu zai sha mai ya kwanta. In ƙullu ya yi kauri, ruwan da zai zama tururi ya kasa. In an buɗe tanderu don leƙe kafin bango ya yi ƙarfi, zafi zai fita, wainar ta faɗa, ba ta kuwa sāke tashi. Sauri ya haifi nawa.

A ci ta da zafi, gama da ta huce takan saki. Wadda ta ragu, mutanen Yokshiya kan ba yara da abin zaƙi a kai. Zuma ma tana dacewa da ita. Uwargida, ran da aka gasa nama a gida, a tara kitsen a kwano mai tsabta. Da ƙwai huɗu da ɗan fulawa, ya zama abincin mutum shida.