Gigin Tsufa: Abin da Ya Wajaba a Koya wa Ma'aikatan Jinya

Gabatarwa

Idan dattijo ya fara mance sunayen jikokinsa, ko ya fita ya kasa gane hanyar gida, Bahaushe yakan ce gigin tsufa ne. Wannan suna ya ɗora laifin a kan tsufa, shi ya sa ba a cika kai irin waɗannan dattawa asibiti ba, wasu ma akan danganta halinsu da iska ko maita. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa cuta ce ta ƙwaƙwalwa, sa'an nan ta bayyana abin da mai jinya yake bukatar sani game da ita.

Asalin Cutar

A shekarar 1906 wani likita Bajamushe, Alois Alzheimer, ya bayyana nau'in da ya fi yawa, wanda ake kira da sunansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan nau'i shi ne kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na masu cutar, waɗanda yawansu ya kai miliyan 57 a shekarar 2021. Wani nau'in kuma lalacewar hanyoyin jini na ƙwaƙwalwa ce take haddasa shi.

Magunguna

Magungunan donepezil da rivastigmine da galantamine suna rage saurin rushewar wani sinadari mai kai saƙo tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. Memantine kuwa akan ba da shi idan cutar ta yi nisa. Dukansu sassauci suke kawowa, ba sa warkarwa, kuma wajibi ne mai jinya ya gaya wa iyali haka tun farko. Ukun farko sukan jawo tashin zuciya da zawo da raguwar bugun zuciya, don haka sai an riƙa aunawa. Har wa yau, magungunan kwantar da masu taɓin hankali, irin su haloperidol, suna ƙara wa waɗannan dattawa haɗarin shanyewar ɓarin jiki da mutuwa. Ruɗewar da ta zo farat ɗaya kuwa sau da yawa zazzaɓi ne ko ciwon mafitsara, kuma tana warkewa in an yi maganinsu.

Rigakafi

A shekarar 2024 kwamitin masana na mujallar Lancet ya lissafa abubuwa 14 waɗanda, in an magance su, za a iya hana ko jinkirta kusan kashi 45 cikin ɗari na cutar. Daga cikinsu akwai hawan jini, ciwon sukari, shan taba, raunin ji da na gani, ƙarancin ilmi, da zaman kaɗaici. Ke nan awon jini a asibitin ƙauye ma rigakafi ne.

Kammalawa

Wannan ilmi ba zai isa ga matar da take jinyar surukarta a gida ba sai da harshen da take ji. A nan ne nauyi ya hau kanmu ɗaliban Hausa: mu haɗa kai da makarantun koyon jinya mu samar da kalmomin da za su raba tsufa da cuta.